Hutun Ƙarshen Sanyi: Ina Ya Kamata Mai Iyali A Khartum Ya Nufa?

A cikin shirin da muke gabatarwa da yamma a gidan rediyonmu, inda 'yan kasuwa kan bugo waya su faɗi farashin kaya da halin da hanya take ciki, wani Alhaji mai harkar shadda da atamfa ya jefo mana wata tambaya wadda ba mu taɓa samun irinta ba. Ya ce a wata tafiyar saro kaya da ya yi zuwa Dubai ya shiga wani katafaren kanti, ya tarar an gina tudu a ciki an lulluɓe shi da dusar ƙanƙara, yara sanye da rigunan sanyi suna ta zamiya suna ihun murna, sai ya ɗauki hoto ya aika wa 'ya'yansa. Su kuwa 'ya'yan suna Umdurman tare da mahaifiyarsu, wadda Bahaushiyar Sudan ce, jikar alhazan ƙafa. Yaƙi ya kore su daga gida a 2023, sun koma a 2025, kuma tun daga lokacin ba su taɓa fita ko nan da can don shaƙatawa ba. Ya ce, "Malam, yaran nan sun ga abin da ni da gemuna ban gani ba. Ina so bayan ƙaramar Sallah in je in fitar da su wani wuri mai sanyi ko da na kwana uku ne. Ina zan kai su, kuma me zan duba?"

Da farko mun yi dariya, domin ina Khartum ina ƙanƙara? To amma da muka kashe na'ura muka zauna, sai muka ga maganar ba ta dariya ba ce. Masu irin wannan lalura suna da yawa a kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari da Birnin Ƙonni, har zuwa Gallabat da ke kan iyakar Sudan da Habasha, domin da wuya ka samu tsohon gidan fatauci a ƙasar Hausa wanda ba shi da dangi a bakin Nilu. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, ya yi gabas da jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, ƙafar mutanenmu ba ta ɗauke daga wannan ƙasa ba. Saboda haka muka ga ya dace mu amsa wa Alhaji a wannan shafi, gwargwadon abin da muka gani da idonmu a tafiye-tafiyenmu na ziyarar dangi, da kuma abin da ya faru a ƙasar daga baya.

Darasin masu wasan ƙanƙara

Bari mu fara da abin da ya tayar da zancen. Wurin da Alhaji ya gani ana kiransa Ski Dubai, an buɗe shi a 2005, kuma an buɗe irinsa a wajen birnin Alƙahira a 2017. Duk ƙanƙarar inji ce a cikin gini, ba ruwanta da rani ko damina. Ta ainihi kuwa tana kan manyan tsaunuka, irin su Alps na ƙasashen Turai, da Uludag a Turkiyya kusa da Bursa, da Ukaimedan a Maroko, kudu da Marrakesh. Lokacin wasan yakan kama daga Disamba zuwa Afrilu, kuma magidanta da yawa a can sun fi son ƙarshen lokacin, domin rana ta fi tsawo, sanyin ya yi sauƙi ga yara, cunkoso ya ragu, masauki ma yakan sauko.

To amma araha ba ta ado. A ƙarshen lokaci ƙanƙarar da ke gindin tsauni ita ke fara narkewa, don haka wanda ya biya kuɗi a wurin da ba shi da tsawo sai ya je ya tarar da laka. Shi ya sa masu wayo kan nufi wurare masu tudu sosai, kamar Val Thorens a Faransa wanda ke kan mita 2,300, inda akan kai farkon Mayu ana wasa. Bayan tsawon wurin, sai su tambayi ko akwai masu koya wa yara, ko akwai asibiti kusa, da kuma nisan masauki daga filin wasa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6. Wanda ya taɓa tashi daga Kano a watan Afrilu ya kwana a Jos ya san wannan a jikinsa, domin Jos ta haura mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Wannan lissafi shi ne kuma zai yi wa mai iyali a Khartum aiki, duk da cewa shi ba ƙanƙara yake nema ba, gudun zafi yake yi.

Ƙarshen sanyi a Khartum

Khartum tana kan kimanin mita 380 ne kacal, a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kuma tana cikin manyan biranen da suka fi zafi a duniya. Sanyinta yakan kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, inda a Janairu da rana zafi ke tsayawa wajen digiri 30, da dare ya sauko wajen 15. Daga tsakiyar Maris abin ke fara canzawa, a Mayu da Yuni kuma ya haura digiri 40 kusan kullum, ga guguwar ƙurar nan da suke kira habub wadda kan rufe gari da rana tsaka.

Ke nan tsakanin ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Maris shi ne ƙofa ta ƙarshe da za a iya ɗaukar ƙananan yara da tsofaffi a yi doguwar tafiya a mota ba tare da an galabaita ba. A 'yan shekarun nan kuma ƙaramar Sallah tana faɗowa daidai wannan tsakani: ƙarshen Maris a 2025, wajen 20 ga Maris a 2026, sannan a 2027 ana sa ran ta wajen 10 ga Maris. Ɗan kasuwa ya sani cewa makon da ke bin Sallah kasuwa kan yi sanyi, an gama cinikin kayan sawa, saboda haka rufe rumfa na 'yan kwanaki ba ya yin ciwo kamar a cikin azumi.

Mutanen Sudan suna da al'adar fita da iyali wadda suke kira rihla. Ranar Juma'a ko washegarin Sallah sai a cika mota da tabarmi da gawayi da kaskon suya da butar jabana, wato gahawarsu mai citta, a nufi bakin kogi a yini. Amma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. Sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris 2025, kuma zuwa Oktoba na wannan shekara hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum miliyan ɗaya sun koma Khartum. Sun koma, amma wuraren da suka sani ba su zauna yadda suka bar su ba. Babban kuskuren da magidanci zai yi shi ne ya zaɓi wuri da abin da ya tuna na shekarun baya.

Na kusa da gida

Kafin yaƙi, wanda ba shi da halin nisa yakan kai yara filin wasan Mugran, ko dajin Sunut da ke gaɓar Farin Nilu, ko ya haye gadar tsibirin Tuti wadda aka buɗe a 2009, a sha shayi a gefen gonaki. Waɗannan wurare duk sun zama fagen fama. A 2025 masu aikin kwance nakiyoyi sun ba da sanarwar gano nakiyoyin da aka binne a yankin Mugran da dajin Sunut, ban da harsasai da rokokin da ba su fashe ba waɗanda ke warwatse a unguwanni. Yaro ba ya ganin ƙarfe mai ƙyalli ya wuce. Don haka duk filin da hukuma ba ta ce an share shi ba, kuma ba ka ga mutanen unguwar suna sakin 'ya'yansu a ciki ba, to ba wurin shimfiɗa tabarma ba ne.

Daga kudu akwai madatsar ruwa ta Jabal Auliya, kimanin kilomita 45 daga birni, wadda aka gama ginawa a 1937. Ta yi suna wajen soyayyen kifi, a kamo a gabanka a soya a gabanka. Dakarun RSF sun kama ta a Nuwamba 2023, an lalata gadarta, sojoji kuma suka karɓe ta a Maris 2025. Ko a zaman lafiya muna gargaɗin iyaye a kan ruwan gefe mara gudu, domin nan ne tsargiya ke kama yara.

Daga arewa kuwa akwai Sabaloka, kimanin kilomita 80, inda Nilu ke ratsa tsakanin duwatsu. Akwai rumfuna da gadajen igiya da suke kira angareb, da kwale-kwalen haya masu zagayawa da baƙi. Wuri ne na yini ɗaya, a je da sassafe a dawo kafin magariba. Iskar kogi tana da daɗi, amma Sabaloka ba tudu ba ce, da ƙarfe 12 na rana a ƙarshen Maris zafinta ɗaya da na Umdurman. Ruwan kuma yana da ƙarfi, don haka kwale-kwalen da ba shi da rigar ceto daidai jikin yaro, a haƙura da shi. In aka ƙara gaba a wannan hanya, bayan an wuce Shandi, akwai dalolin Bajrawiya, kimanin kilomita 200 daga Khartum, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2011. Yara 'yan makaranta za su ƙaru da su ƙwarai, sai dai babu inuwa ko ta bishiya ɗaya, saboda haka ziyarar safiya ce.

Kasala: dutse ba sanyi ba ne

In ka tambayi ɗan Sudan inda ake zuwa hutu, Kasala zai fara ambata maka. Garin amare ne, inda sababbin ma'aurata kan je su hau gindin dutsen Totil su sha ruwan rijiyarsa, wanda ake cewa duk wanda ya sha sai ya dawo. Ga duwatsun Taka masu santsi kamar an ɗora tukwane, ga masallacin Khatmiyya da hubbaren Sayyid Hasan al-Mirgani a gindinsu, ga lambunan ayaba da lemo da mangwaro a gefen kogin Gash. Ga mutanenmu kuma Kasala tana da wata fa'ida babba: Hausawa suna da yawa a cikinta, kamar yadda suke a Gadarif, saboda haka da wuya a rasa gidan dangi ko na abokin ciniki da za a sauka, mata su samu 'yan'uwansu, a ci tuwo a yi hira da harshen gida.

To amma a lura, garin yana gindin duwatsun ne, ba a kansu ba, tsawonsa wajen mita 500 ne. Wanda ya je neman sanyi a Afrilu zai tarar da dutse ya sha rana yana maido da ita har cikin dare. Kogin Gash ma a bushe yake a wannan lokaci, sai a damina yake kawo ruwa. Tafiyar kuma ta kai kimanin kilomita 600 ta Wad Madani da Gadarif, kuma Wad Madani ta kasance a hannun RSF daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025. Bugu da ƙari, Kasala ta yi fama da zazzaɓin cikungunya a 2018, tana kuma cikin jihohin da kwalara ta fara ɓulla a Agusta 2024, ga ɗimbin 'yan gudun hijira da suka cika makarantu da gidajen haya. Ke nan Kasala ta dace da zumunci da ziyara a Janairu ko Fabrairu, amma ba ita ce amsar mai gudun zafi a ƙarshen Maris ba.

Arkawit, Jos ɗin Sudan

Wurin da ya fi kusa da abin da Alhaji yake nema shi ne Arkawit, a kan tsaunukan Bahar Maliya. Tsawonsa ya haura mita 1,000, kuma tun zamanin Gwamna-Janar Wingate, wanda ya yi mulki daga 1899 zuwa 1916, Turawan Ingila suka mai da shi wurin gudun zafin Khartum. Ƙasar Hadandawa ce, wani reshe na ƙabilar Beja, kuma a nan ne kabarin Usman Digna yake, sarkin yaƙin Mahadi a gabashin Sudan wanda ya rasu a 1926.

Abin da ya bambanta Arkawit shi ne tana fuskantar teku. A lokacin sanyi iska kan ɗebo danshi daga Bahar Maliya ta hau tsauni da shi, sai ya zama hazo mai laima ya kwanta a kan duwatsu. Saboda haka lokacin da sauran ƙasar ta bushe ƙurmus, ita tana da ciyawa da wasu itatuwa masu kama da ƙerana waɗanda suka fi mutum tsayi. Wannan kore yakan ja har zuwa ƙarshen sanyi, sannan ya fara ƙonewa, kamar dai yadda ƙanƙarar Turawa ke narkewa. Wanda ya je a ƙarshen Fabrairu zai ga abin da wanda ya je a Mayu ba zai gani ba, ko da yake shi ma na Mayun zai samu iskar da ta fi ta Khartum sauƙi.

Hanyar ita ce wadda ta bi ta Shandi da Atbara da Haiya zuwa Bur Sudan, tafiyar kimanin kilomita 800, ana ratsewa ne a kusa da Sinkat. Daga can in an gangara ta mashigin Agaba mai lanƙwasa sai Sawakin, tsohuwar tashar da kakanninmu alhazan ƙafa suka riƙa hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Kai yaro Bahaushe ya tsaya a wannan gaɓa a ce masa nan kakan kakanka ya tsallaka bayan ya shekara uku ko biyar a hanya, wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya.

Sai dai mu faɗi abin da ya same mu, domin gani ya kori ji. A Fabrairun 2018 mun tashi daga Umdurman mu goma sha ɗaya, har da goggonmu mai shekara saba'in da ɗoriya da kuma jaririya 'yar wata takwas. Wani dillali ya karɓi kuɗinmu ta waya, ya rantse cewa ɗaki uku na jiranmu da ruwa da wuta. Mun makara wajen tashi, muka tsaya cin abinci a Atbara, ba mu isa ba sai bayan isha'i, muka tarar ɗaki ɗaya ne, tankin ruwa kuma babu ko ɗigo, shi kuwa dillali wayarsa a kashe. Mun zo da kayan zafi, ba bargo ba rigar sanyi, hazo kuma ya sauko har ba ka ganin wanda ke gabanka. Kafin asuba jaririya ta fara tari da shessheƙa, sai da muka tashi direba muka koma Sinkat neman likita. Wasu makiyaya Hadandawa ne suka ba mu gawayi da bargo suka dafa mana jabana, Allah Ya saka musu da alheri. Da gari ya waye goggo ta kira mu ta ce, "Ɗan nan, kun auna tafiyar nan da ƙarfinku ne, ba ku auna ta da nawa ko na 'yar nan ba." Ba mu da abin cewa sai "Gaskiya ne, Goggo, a yi mana afuwa."

Ban da wannan, gabas ma yaƙi ya taɓa ta. Bur Sudan ta zama mazaunin gwamnati a 2023, jama'a suka yi mata yawa, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Madatsar Arba'at da ke ba birnin ruwan sha ta fashe a Agusta 2024, sannan a Mayu 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari kan filin jirgi da rumbunan mai. Don haka wanda ya ga Arkawit a 2018 kamar mu, bai isa ya ba da tabbacin masaukinta na yau ba, sai an tambayi wanda ya kwana can a cikin watan.

Jabal Marra: a bar shi tukuna

Tsofaffin direbobin da suka bi hanyar Adre da Jinaina za su ce ai ba a yi maganar sanyi a Sudan ba in ba a ambaci Jabal Marra ba. Gaskiyarsu. Ƙololuwarsa ta haura mita 3,000, akwai tafkuna biyu a bakin tsohon dutsen mai aman wuta na Dariba, ga magangarar ruwa a wajen Nartiti, ga lemon zaƙi da tuffa. In da tsawo kaɗai ake dubawa, da shi ne zakara. Amma Darfur tana cikin rikici tun 2003, Al-Fashir ta faɗa hannun RSF a Oktoba 2025 bayan doguwar ƙawanya, kuma a ƙarshen Agusta na wannan shekara zaftarewar ƙasa ta binne ƙauyen Tarasin a kan tsaunin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba wurin kai mace da yaro ba ne har sai Allah Ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa.

Abin da za a auna kafin a ɗaura kaya

Maganar goggo ita ce ma'aunin farko. A dubi wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarin, jariri ne, mai ciki ce, ko tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari, a tambayi kai awa nawa zai iya yi a mota. In amsar ba ta wuce awa biyu ba, to zancen Arkawit da Kasala ya faɗi, sai Sabaloka ko wata gonar dangi a gefen kogi, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Na biyu, hanya. Labarin hanya na makon jiya ya tsufa. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin inda ake samun sahihin labari: wurin direbobin manyan motoci da na bas-bas da suka iso yau. Matambayi ba ya ɓata. A tashi bayan sallar asuba, a tsara tafiya yadda za a isa kafin la'asar, kada a yi tafiyar dare ko da direba ya ce ya san hanya kamar tafin hannunsa. Kowane babba ya riƙe takardar shaidarsa, yara kuma a ɗauki takardun haihuwarsu, domin shingayen bincike suna da yawa, kuma 'yan'uwanmu sun san cewa akan tsawaita musu tambaya duk da kakanninsu sun haura shekara ɗari a ƙasar. Wanda ya shigo da fasfon Najeriya ko na Nijar ya tabbatar da bizarsa da rajistarsa da izinin fita daga jiha zuwa jiha kafin ya motsa.

Na uku, ruwa da asibiti. Kwalara ta yi ɓarna a Khartum da Umdurman a Mayu 2025, zazzaɓin dengi kuma ya biyo baya a wannan shekara. A ɗauki ruwan sha daga gida ko a tafasa, a riƙe ƙullin gishiri da sukari na gudawa, da gidan sauro, da maganin da tsofaffi ke sha na kwanakin tafiyar har da ƙari. Kafin a biya kuɗin masauki a san sunan garin da asibiti mafi kusa yake da kuma tafiyar minti nawa ce.

Na huɗu, masauki. Kada a tura wa dillali kuɗi a kan ɗakin da ba wanda ya gani. A nemi ɗan'uwa ko abokin ciniki ya je ya buɗe famfo da hannunsa, ya duba banɗaki, ya ga ko mata za su samu sutura da wurin girki, ko akwai fili mai katanga da yara za su yi wasa ba tare da sun nufi bakin rami ko titi ba. In tudu za a hau, bargo da rigar sanyi da hular yara dole ne, ko da ana zufa a Umdurman ranar tashi.

Na biyar, kuɗi. An canza takardun fam 500 da 1,000 a Disamba 2024, saboda haka wanda ya adana tsofaffi tun tafiyarsa ta baya ya bincika kafin ya dogara da su. Jama'a da yawa suna ciniki ta manhajar Bankak a waya, amma a kan tsauni layi kan ɗauke, don haka a riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, a raba su aljihu biyu. A ware kuɗin komowa da na ko-ta-kwana tun daga gida. Sannan dokar kasuwa tana nan: hutu daga riba ake yin sa, ba a taɓa uwar kuɗi.

Amsarmu ga Alhaji

Mun sake kiran Alhaji muka ce masa: in iyalinka suna nan gida Najeriya ko Nijar, ba mu ba ka shawarar ɗaukar su zuwa Sudan don yawon buɗe ido ba, domin ba mu manta yadda aka kwaso ɗalibanmu ta kan iyakar Masar da ta Bur Sudan a 2023 ba, kuma ga Jos ga Mambila in sanyi ake nema. Amma tunda suna Umdurman, kuma ƙaramin cikinsu ya shekara shida, ga shawararmu. In direbobi sun tabbatar maka da hanyar Atbara a makon tafiyar, kuma wani naka ya ga ɗakin da idonsa, to ka kai su Arkawit kafin Maris ya ƙare, ku kwana biyu, ku gangara Sawakin su ga teku. In ɗaya daga cikin biyun nan bai samu ba, ka ɗauke su yini ɗaya zuwa Sabaloka, ka sayi rago a gasa, ka zauna da su a kan tabarma ka kashe wayarka.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ƙanƙarar fa, Malam?" Muka ce ka sayo ta a buhu ka zuba musu a lemo, Alhaji. Yaron da ya shekara biyu yana kwana da ƙarar bindiga, abin da ya fi buƙata shi ne ya yini a fili yana gudu, uwarsa tana dariya, ubansa yana kusa, ya kuma dawo gida lafiya. Ya ce zai bugo mana bayan Sallah ya faɗa mana yadda aka yi, mu kuma mun yi alkawarin sanar da masu karatu.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mai da kowane ɗan gudun hijira ɗakinsa, Ya kiyaye matafiyanmu a hanya, Ya kuma sa albarka a kasuwanninmu, amin.